Yadda za ka sa CefSharp ya fitar da debug.log

Ɗan'uwa, ka ce manhajarka ta C# tana nuna farin shafi, ka kunna rajistar kurakurai ta CefSharp, wato kayan aikin da ke saka burauzar Chromium a cikin manhaja, amma ko alamar fayil ɗin rajistar, debug.log, babu. Galibi abu biyu ne ke jawo haka.

Na farko shi ne lokacin da ka saka saitin. Sau ɗaya tak ake kiran Cef.Initialize a tsawon aikin manhajar, kuma idan ka ƙirƙiri ChromiumWebBrowser kafin ka kira shi, CefSharp zai tada kansa da saitinsa na asali, naka ya tafi a banza. Don haka tun a Program.cs, kafin kowace taga ta buɗe, ka gina CefSettings, ka sa LogSeverity ya zama LogSeverity.Verbose, ka ba LogFile cikakkiyar hanya, sannan ka miƙa wa Cef.Initialize.

Na biyu kuwa izinin rubutu ne. In ba ka faɗi wuri ba, a Windows fayil ɗin yakan sauka kusa da exe ɗinka, wato fayil ɗin da ke kunna manhajar. Idan manhajar tana cikin Program Files, mai amfani na gama-gari ba shi da ikon rubutu a can, kuma ba saƙon da zai fito ya sanar da kai. Mai da LogFile cikin LocalAppData, inda mai amfani ke da ikon rubutu, ka tabbatar folda ɗin da zai zauna ciki yana nan tun farko.

Verbose fa surutu gare shi, fayil ɗin yana kumbura cikin mintuna kaɗan. Ni a ganina ka fara da matakin Info, wanda bai kai shi surutu ba, ka nemi layukan ERROR da FATAL. In sun ambaci GPU, wato na'urar sarrafa hoto ta kwamfuta, gwada saka disable-gpu a CefCommandLineArgs ka ga ko shafin zai fito. In matsalar haɗin intanet ce, debug.log ba zai ƙosar da kai ba, saka log-net-log a CefCommandLineArgs ya fi, domin yana fitar da fayil ɗin JSON mai bin kowace buƙata. Kurakuran JavaScript kuma, sa RemoteDebuggingPort a 9222, ka buɗe chrome://inspect a Chrome.

Kafin ka turo mana fayil ɗin, goge adireshin shafukan da ke ɗauke da mabuɗin shiga asusu. Ranar da za ka saki manhajar ga jama'a, mayar da LogSeverity zuwa Error, ka rufe 9222.