Sandar dogarawa: wane itace, kuma yaya ake miƙe shi?

Ɗan'uwa, ka ce kana son yi wa Baba sandar dogarawa, amma duk reshen da ka saro sai ya karkace ko ya tsage. Allah Ya saka maka da alheri.

Ka nemi dargaza, marke ko kanya, kuma toho mai tashi tsaye daga gindin bishiya ya fi reshen gefe, wanda tun farko a tanƙware ya girma. Kaurinsa ya ɗan fi babban yatsanka. Magarya ma tana da ƙarfi, sai dai ƙayarta za ta wahalar da kai. Ka sara da hunturu, lokacin da ruwan jikin itace ya ragu, ka bar rarar taƙi ɗaya a kowane ƙarshe, domin ta nan tsagewa take farawa.

Kada ka ɓare ɓawon nan da nan, kada kuma ka shanya a rana. Rataye shi a inuwa, ka ɗaura dutse a ƙasansa, ya yi 'yan watanni.

Wajen miƙewa ake son haƙuri. Shafa man gyaɗa a inda ya karkace, ka riƙa juya wurin a kan garwashi, ba harshen wuta ba, har ya yi zafin da hannu ba zai jure ba. Sai ka saka shi tsakanin rassa biyu na bishiya, ka danna a hankali, ka ɗan wuce daidai kaɗan, don zai ɗan koma. Ɗaure shi a jikin bututun ƙarfe ya kwana. Idan ka ji ƙas, dakata.

Tsawon kuwa, Baba ya tsaya da takalminsa, kan sandar ya zo daidai wuyan hannunsa.