Wa ake fara ba hanya in layi ya cika?

Yaro, ka tambaye ni wai in netwok ɗin kamfani ya cika wa ake fara ba hanya, kuma ina kiran 112 yake zuwa. Wallahi tsohon miki ka taɓo min.

Shekarun baya na haɗa wa wani Alhaji LTE, wato netwok ɗin waya na 4G, nasa na kansa a masana'antarsa da ke Kudenda a Kaduna, eriya uku, sim nasu daban. Na ce Alhaji, a ja layi ɗaya zuwa waje, don waya ta san 112 kiran gaggawa ne amma injinmu bai san inda zai kai shi ba sai an nuna masa. Ya ce tsada. Na ce to a ƙara min kwana biyu in tsara ARP, wato lambar da ke nuna wa ake fara ba hanya da wa zai iya ture wani daga layi, ya ce ɗan ƙaninsa ya karanta kwamfuta, shi zai ƙarasa. Irinku yaran yanzu, ya kalli bidiyo biyu a YouTube ya zama injiniya! Ya keɓe wa kyamarori hanya mai faɗi ya kulle ba mai ture su, ya bar murya a can ƙasa. Ba a yi wata biyu ba inji ya kama hannun wani ma'aikaci da tsakar dare, abokinsa na ta danna waya hannunsa duk jini, ko ɗakin masu gadi kira bai shiga ba, a keke aka kwashe shi zuwa asibiti. Washegari Alhaji ya ce aikina ne na banza, ya danne sauran kuɗina har yau, Allah ya isa.

ARP daga 1 zuwa 15 ne, 1 ce babba. Gaggawa da ɗakin masu gadi da kilinik su hau sama, ka ba su ikon ture wani, kyamara da masu kallon ƙwallo su koma ƙasa su yarda a ture su. QCI 1 kuwa, wato ajin kulawar da netwok ke ba kiran murya, in sai na koya maka wannan ka tattara kayanka.

Ka tsara kiran ya nuna eriyar da ya fito, don wanda ya ruɗe ba ya iya kwatance. Ka sa batir saboda NEPA. Sannan ka cika layin maƙil da bidiyo ka danna 112 da hannunka, ka ce musu gwaji ne. In mai kuɗi ya ce a cire wani abu, ya rubuta ya sa hannu kafin ka sauko daga tsani.