Ɗana da gyada ba sa shiri, mu daina zuwa gidan abinci ke nan?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti. Ɗana na biyu shekararsa 5. Tun yana ɗan shekara 2 muka lura duk ranar da ya sha kunun gyada sai jikinsa ya yi ruɗu-ruɗu, ya yi ta susa. Likita ya ce mu raba shi da gyada, kuma a gida ina kiyayewa. Watan jiya babansu ya kai mu wani gidan abinci. Na gaya wa yaron da ya kawo mana abincin cewa ɗana ba ya cin gyada, ya ce babu ita a ciki. Tsinke ɗaya na tsire ya ci, kafin mu kai bakin mota leɓensa ya kumbura, ya yi amai, ya kama tari. A asibiti muka kwana. Surukata kuma ta ce tsoro ne ya yi mini yawa, a riƙa ba shi kaɗan-kaɗan har ya saba. Shin mu haƙura da fita da shi gaba ɗaya?
Uwar yara uku, Zariya

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanwata. Sannu, Allah Ya ƙara masa lafiya. Na yi shekaru ina aikin jinya a ɗakin yara, na san irin daren da kika kwana.

Ba sai kun daina fita ba. Abin da za ki sauya shi ne irin tambayar da kike yi. Mai yiwuwa yaron da ya kawo muku abincin bai yi miki ƙarya ba. Da kika ce gyada, ƙwaya ce ta zo masa a rai, soyayya ko dafaffiya, ya duba faranti bai gan ta ba. Bai ɗauki garin ƙuli-ƙulin da aka barbaɗa wa tsiren a matsayin gyada ba, haka man da aka yayyafa masa a bakin wuta. A girkinmu gyada takan ɓuya da wasu sunaye: ƙuli, tunkuza, labu, mai. Kilishi a cikin labu ake tsoma shi, labu kuwa tunkuza ce. Gurasa bandashe, kwaɗon zogale da na rama, miyar taushe, fate, duk tana iya kasancewa a ciki. Yajin mai nama da wuya a same shi babu ƙuli. Kuma wuta ba ta kashe abin da ke tayar masa da ciwon, ko an gasa ko an tafasa yana nan.

Man gyada kuwa sai an yi masa bayani na musamman, domin mu Hausawa kusan duk farin mai man gyada muke ce masa, ko da na waken suya ne. Wanda kamfani ya tace sosai, kusan babu sauran sinadarin gyadar a cikinsa. Wanda mata ke matsewa a gida wajen yin ƙuli, mai ƙamshin nan da ake zubawa a ɗanwake ko a soya waina da shi, shi ne abin tsoro. Don haka ki ce, “Da wane mai kuka soya, na kamfani ko na masu ƙuli? Don Allah a nuna mini jarkar.” Idan mai awo ne aka juye a gorar ruwa, babu mai iya rantse miki a kansa, ki bar shi.

Kada ki tsaya kan mai kawo abinci, ki nemi wadda ta girka. Kuma ki daina cewa “ba ya ci,” domin mutane sukan ji shi kamar tsirfar yaron birni ce. Ki ce, “Idan ya ci abin da gyada ta taɓa, numfashinsa yana iya ɗaukewa, mun taɓa kwana a asibiti.” Na san kunya takan kama mu mata mu tsaya muna yi wa mai abinci tambayoyi a gaban jama'a, musamman idan maigida yana zaune yana jira. Ki sa babansu a cikin maganar tun daga gida, shi ma ya iya tambayoyin. Ku je kafin cunkoson azahar, lokacin da mai girki ke da sararin sauraro. Ki tambaya ko ludayin da ya shiga miyar taushe shi ne ke shiga ta kuka, ko wuƙa da katakon da aka yanka tsire su za a yanka balangu da su. Wanda ya amsa miki da “ai ba komai Hajiya” ba tare da ya leƙa kicin ba, ku tashi.

Abincin da idonki ke iya ƙirga abin da ke cikinsa ya fi: farar shinkafa, dafaffen ƙwai, dafaffiyar doya, ayaba, lemo. Kek, askirim da cakulan da ba su da takardar bayani, a bar su. Idan kin sami gida ɗaya ko biyu da suka san yaron, ki riƙe su. Ranar biki ko suna kuwa, ki tafi masa da nasa a kula, ba abin kunya ba ne.

A ƙasashen Tarayyar Turai tun Disamba 2014 doka ta wajabta wa gidajen abinci su bayyana abubuwa 14 da aka fi sani da tayar da irin wannan ciwo, gyada da riɗi da madara da ƙwai suna ciki. Ingila ta ƙara tsaurara dokarta a 2021, bayan rasuwar wata yarinya 'yar shekara 15, Natasha Ednan-Laperouse, wadda ta ci burodi mai riɗi a 2016 babu rubutun da ya nuna akwai riɗi a jikin ledarsa. A teburin mai tuwo ko mai tsire na unguwarmu babu irin wannan takarda, bakinki ne kawai zai yi aikin.

Yanzu abin da ya fi damuna a wasiƙarki. Kumburin leɓe da amai da tari a lokaci guda ya wuce borin jini na fata. Likitoci suna kiransa anafilaksis, yakan zo cikin mintuna, kuma maganinsa na farko allurar adirenalin ce a gefen cinya. Piriton da ire-irensa ƙaiƙayi suke ragewa, ba sa buɗe maƙogwaron da ke toshewa. Manja da madara da ake ɗura wa yaro ɓata lokaci ne, suna ma iya shaƙe shi. Ki koma wurin likitan yara, ga asibitin koyarwa na Shika kusa da ke, ki nemi a rubuta miki matakan da za ki bi, ki tambaya batun alƙalamin allura irin EpiPen. Na yara masu nauyin kilo 15 zuwa 30 yana ɗauke da miligiram 0.15. Yana da tsada da wuyar samu a wajenmu, amma idan kin samu, jakarki ce mazauninsa, kada a bar shi a mota rana ta dafa shi. Idan abin ya taso, a kwantar da yaron a ɗaga ƙafafunsa, in numfashi ya yi masa wuya a zaunar da shi, kada a sa shi tafiya. Ko ya warware bayan allura, a tafi asibiti, domin yana iya dawowa bayan wasu awanni. In yana da asma, ki gaya wa likita, tana ƙara haɗarin. Kafin ku zauna a ko'ina, ki san asibitin da ya fi kusa.

Maganar Hajiya surukarki kuma, ki amsa ta da ladabi, don tana da tushe. Wani bincike da aka yi a Landan, aka fitar a 2015, ya nuna fara ba jarirai gyada da wuri yana rage kamuwa da ciwon ƙwarai. Amma wannan rigakafi ne ga wanda bai kamu ba. Ga wanda ya riga ya kamu, sabawa da kaɗan-kaɗan aikin likita ne a asibiti, da awo, da allura a kusa. Kusan yaro 1 cikin 5 ne ke rabuwa da ciwon idan ya girma, kuma gwaji ne ke tabbatar da hakan. Ranar komawa asibiti ku tafi tare da ita, ta ji daga bakin likita, ɗanta kuma ya yi mata bayani, ya fi a ce daga bakinki ya fito.

Shi ma yaron ya isa a koya masa. Ku riƙa maimaitawa a gida kamar wasa, ke ki zama mai miƙo masa alewa, shi kuma ya ce, “Na gode, sai na tambayi Mamana.” Ki gaya wa malamarsa ta boko da malaminsa na Islamiyya, har da mai kantin da ke bakin layinku.