Amsa ga ƙanena na Samaru mai son binciken ƙwayar ƙanjamau

Ƙanena, saƙonka ya iso. Ka ce ka gama digirin farko a Jami'ar Ahmadu Bello, kana son zuwa nan Amurka ka yi digiri na uku kan ƙanjamau, amma kana shakkar ko akwai sauran abin bincike tunda magani ya samu. Akwai, kuma da yawa.

Maganin yana danne cutar ne, ba ya kawar da ita. HIV, wato ƙwayar cutar ƙanjamau, kan dasa kwafin kanta cikin ƙwayar halittar fararen ƙwayoyin jini na CD4, ta kwanta lamo shekara da shekaru. Sai dai wajen kwafin nan tamkar magatakarda ce mai garaje, ba ta komawa ta duba abin da ta rubuta. Wani kwafin a guntule yake fitowa, babban yanki ya ɓace. Wani kuma jiki ne ke ɓata shi da sinadarin APOBEC3G, wanda ke sa harafin G na rubutun halittar ƙwayar ya riƙa komawa A har saƙon ya lalace. Binciken ɗakin gwajin Robert Siliciano na Jami'ar Johns Hopkins a 2013 da 2016 ya nuna cewa kusan tara cikin goma, ko ma fiye, na kwafin da ke jikin masu shan magani nakasassu ne. 'Yan ƙalilan kwafin da suka fito lafiya su ne ke farfaɗo da cutar da zarar an bar magani. Su ma nakasassun ba a raina su, domin wasunsu na ƙera sinadaran da ke hana garkuwar jiki sukuni, sannan suna rikita lissafi idan ana ƙirga masu lafiyar.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, yawancin wannan aiki an yi shi ne kan nau'in HIV da ake kira B, na Amurka da Turai. Gwajin IPDA da ya fito a 2019 don bambance mai lafiya da nakasasshe, da nau'in B aka tsara shi. Mu kuwa a Najeriya nau'in G da CRF02_AG suka fi yawa, ga mutum kusan miliyan 1.9 da ke ɗauke da cutar bisa ƙiyasin da ya biyo bayan binciken NAIIS na 2018, wato ƙididdigar masu cutar a faɗin ƙasa. Wa zai auna namu?

Saboda haka kada ka zo hannu rabbana. Nemi malamin da zai sa ka a ɗakin gwaji a asibitin koyarwa na Shika, ko ka gwada Cibiyar Binciken Ƙwayoyin Cuta ta IHVN a Abuja. Hannunka ya saba da PCR, dabarar ninka kwafin ƙwayar halitta a ɗakin gwaji, ka kuma koyi nazarin jerin harufan halitta a kwamfuta, wannan ko a ɗakinka na Samaru za ka iya farawa. Digiri na uku a wannan fanni galibi jami'a ce ke biyan kuɗin makaranta har ta ba ka alawus, don haka kada Baba ya sayar da gona, kada kuma ka ba wani dillali ko sisi.

Idan ka rubuta takardar neman gurbi, turo mini in duba kafin ka aika. Ka gaishe da Inna.