Hannun Agogo Mai Ruwan Gwal Da Ya Matse Hannu: Alwala Ta Yi?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Hannun agogona na fata ya tsinke, sai mai gyara ya sa min na ƙarfe mai ruwan gwal. Ya yi min yawa, ya cire gaɓa biyu, yanzu ya kama hannuna gam, ko motsi ba ya yi. Ya halatta namiji ya ɗaura irinsa? Wata guda ke nan ina salla da shi.

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Zinare haramun ne ga namiji, babu saɓani. Amma yawancin na kasuwa ƙarfe ne da launi kawai, wannan babu laifi. Idan an shafa masa zinaren gaske ne, barinsa ya fi.

Abin da ya tsayar da ni, ɗan'uwa, shi ne cewarka ko motsi ba ya yi. Wuyan hannu yana cikin gaɓar da aka wajabta wankewa a alwala har gwiwar hannu, kuma a mazhabarmu ta Malikiyya cuɗawa ma farilla ce. Idan agogon ya hana ruwa shiga, ka bar lam'a, wato wurin da ruwan alwala bai taɓa ba.

Za ka ji masu cewa agogo kamar zobe yake, tunda Malikiyya ba su wajabta motsa zoben da aka halatta ba ko da ya matse. Haka suka faɗa, har wasunsu suka haɗa da awarwaron mace. Sai dai ban gamsu da wannan kiyasi ba. Zoben da suka yi wa rangwame na azurfa ne wanda bai wuce nauyin dirhami 2 ba, Annabi (SAW) da kansa ya sa shi, kuma wurin da yake rufewa ɗan siriri ne. Hannun agogon maza kuwa faɗinsa yakan kai milimita 18 zuwa 22, ga bayan agogon da ke manne da fata. Zobe yakan ƙi fita daga yatsa, agogo kuwa da ɓalle maɓalli ɗaya ya sake, wace wahala ce za a ɗauke? Ko zoben ma, Hanafiyya da Shafi'iyya da Hanbaliyya sun wajabta motsa shi idan ya matse. Kuma mutumin da ya bar wuri kamar farce a ƙafarsa, Annabi (SAW) ya mayar da shi ya kyautata alwalarsa, kamar yadda Muslim ya ruwaito daga Umar. Abin da agogo ke rufewa ya ninka farce.

Sallolin watan nan: idan ka tabbata ruwa bai shiga ba, ka rama su. Idan kokwanto ne ya zo maka daga baya, sallarka ta yi, kada ka buɗe wa waswasi ƙofa.

Ka koma wurin mai gyaran ya mayar maka da gaɓa ɗaya, ko ya matsar da fil ɗin maɓallin zuwa rami na gaba, yadda ɗan ƙaramin yatsanka zai iya shiga. Hannu yana ɗan kumbura lokacin zafi. In na fata za ka sake saya, ka duba cikinsa, fatar alade tana da ƙananan ramuka uku-uku a haɗe, kuma jima ba ta tsarkake ta a wurin jumhur, wato mafi yawan malamai. Ni cire nawa nake yi kafin alwala, don ruwa sau biyar a rana yana ruɓar da fatar agogo, kuma agogon da aka rubuta wa 30M, alamar jure ruwa, fantsama kawai yake jurewa, balle wanda aka buɗe bayansa aka sake batir.

Kuma don Allah, in ka yi kabbara, ka daina leƙa shi.

Wallahu a'alam.