Amsa ga mai tambayar Munin da saba mai daskarewa

Salam Malam, na ga tambayarka tun jiya da daddare, yanzu na samu zama. Ka ce sabarka ta OSCam, manhajar raba katin dikoda, tana daskarewa da an take ƙwallo, kiran masu kallo ya yi maka yawa, wani ya ce ka sa Munin, manhajar sa ido a kan saba, amma baka san me zai nuna maka ba.

Da farko dai ni harkar raba kati na bar ta tuntuni, kuma ba zan ɓoye maka ba, dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022 da aka sa wa hannu a 2023 ta taɓo maganar fasa kariyar tashoshi kai tsaye, don haka idan layin buɗe tashoshi kake sayarwa ka yi tunani tun kafin wata rana a zo a kwashe maka kaya. Ni yanzu wata ƴar saba nake riƙewa a wani masauki a Barnawa, Kaduna, manhajar Tvheadend ce a kai, tana tura tashoshin kyauta zuwa ɗakuna. Amma sa ido a kan saba duk ɗaya ne, ko me take gudu.

Munin kashi biyu ne. Akwai munin-node da ke zaune a kan sabar yana saurare a fot 4949, akwai kuma babban da ke zuwa duk minti 5 ya karɓi lambobi ya zuba a RRDtool, ma'ajiyar lambobinsa, ya zana maka giraf na rana da sati da wata da shekara. Fulogin ɗin, wato ƙananan sikirif masu yin awon, suna /usr/share/munin/plugins, wanda kake so sai ka yi masa link zuwa /etc/munin/plugins ka tada node ɗin. Ka buga munin-node-configure --suggest zai faɗa maka waɗanda zasu yi aiki a injinka. Rubuta naka ma ba wani abu bane wlh, ƴar sikirif ce kawai, in an kira ta da config ta faɗi sunan giraf ɗin, in an kira ta haka nan ta fitar da suna.value da lamba, ka gwada da munin-run, shikenan.

Toh ga inda mutane ke faɗuwa. Minti 5 lokaci ne mai tsawo, mabuɗin tasha kuwa kusan duk sakan 10 yake canzawa, kaga hoto zai iya tsayawa sakan 20 baƙo ya riga ya sauko risefshan yana faɗa amma giraf ɗinka lafiya lau saboda Munin ya leƙo lokacin da komai ya dawo daidai. Ni haka na yi sati ina kallon layi miƙaƙƙe ina cewa ƙarya suke. Sai da na gyara fulogin ɗin yana karanta log yana ba ni mafi munin jinkiri a cikin minti biyar ɗin, da adadin sau nawa aka yanke, sannan gaskiya ta fito. Kai ma a lokacin ECM ɗinka, wato tsawon da saba ke ɗauka kafin ta dawo da mabuɗin tasha, kar ka zana matsakaici kaɗai, ka zana mafi tsawo.

Abin da ya fito kuma ya ba ni kunya, don ni duk zargina a kan software yake, na sake instolin har sau biyu. Ashe kullum wajen magariba in an ɗauke wuta, kafin yaron ya tada janareta, rauta da suwic suna mutuwa, saba tana kan inbata ita bata san komai ba, uptime ɗinta, wato tsawon lokacin da ta yi a kunne, na ta hawa, amma giraf ɗin ping, mai gwada ko ana isa wata na'ura, da na katin netiwok sai ka ga rami daidai wannan lokacin. Wayar wuta ɗaya na ja na mayar da su kan inbata magana ta ƙare. Shi yasa nake cewa ka sa ping zuwa rautarka daban, zuwa waje daban, in na waje ne kaɗai ya lalace to sabis ne, ba kai bane.

Zafi ma ka sa masa ido. Maris da Afrilu a Kaduna ka san yadda ake ciki, ga ƙurar hunturu ta riga ta toshe fanka tun Janairu, fulogin ɗin sensors zai nuna maka layin na hawa a hankali wata bayan wata. Da damina kuma in Agusta ta shigo, Ku band, zangon siginar satalayit, ba ta shiri da ruwan sama, sigina ya faɗi wannan ba laifin saba bane, ka zana ƙarfin sigina kusa da sauran don kar ka ɓata dare kana neman abin da babu.

In ƴar ƙaramar kwamfutar nan Raspberry Pi kake amfani da ita, abu biyu. Waɗanda suka zo kafin Pi 5 basu da agogo mai batir, in wuta ta dawo kafin intanet lokaci na iya rikicewa, RRD kuwa ba ya karɓar lamba mai lokacin da ya gaza na ƙarshe da ya rubuta, sai ka ga giraf fanko, ka sa chrony mai daidaita agogo. Na biyu rubutun duk minti 5 yana cin memori kad, gara babban Munin ɗin ya zauna a wata tsohuwar laftof, wanda ma ya fi, don in sabar ta mutu mai ba da shaida bai mutu tare da ita ba. Kuma a munin-node.conf ka bar allow ga adireshin laftof ɗin kaɗai.

Wasu zasu ce maka Grafana da Prometheus, wasu manhajojin sa ido, suna da kyau gsky amma ga saba ɗaya wahala ce kawai.

Ka sa shi yau ka ƙyale shi har bayan wasannin Asabar da Lahadi, duk wanda ya kira ka rubuta ƙarfe nawa ne a takarda, ran Litinin ka turo mana hoton giraf na sati da takardar mu duba tare.