Ga 'yar uwar da ta tambayi fim ɗin da za ta bar wa yara

Assalamu alaikum mutanen gida, Admin a yi min haƙuri yau rubutuna zai yi tsawo.

'Yar uwa da kika ce yaranki biyu, mai shekara 5 da mai 8, sun koma daga waya sai tibi, kina neman a faɗa miki finafinan da za su kalla su ƙaru ba su lalace ba, wallahi ina karantawa naji kamar gidana kika leƙa. Naga wasu sun ce ki ƙwace wayar kawai, wata ma tace ki haɗa su da allo daga safe har dare. Allah Ya ba su lada amma duk wadda ke girki da wanki ga sana'a ga goyo ta san akwai lokacin da in ba ka kunna musu wani abu ba ko tukunya ba za ka sauke ba. Hanawa kwata-kwata ba ta yiwuwa, in kin hana a ɗakinki za su gani a ɗakin wani, kuma ni a nan aka cuce ni.

Lokacin muna haya a Unguwar Sanusi a Kaduna, ƙanin Abbansu ya zo daga gida wai yana neman makaranta, aka ba shi ɗakin zaure. Neman makarantar da har ya bar gidan ban ga takarda ko ɗaya ba, aikinsa kenan ya tafi shagon masu tura finafinai a cika masa memori, Indiya mai fassara, na faɗan 'yan Caina, da waɗannan na aljanu da matattu masu tashi. Yara suna dawowa daga Islamiyya ko jaka ba su ajiye ba sun shige wajen Baffa. Na yi magana ta hankali, yace haba Anti ai katun ne. Na faɗa wa Abbansu yace kar in sa yaro ya ga kamar ana korarsa. To ni matar wa ce, me zan ce kuma.

Yarona na biyu yana aji biyu a firamare a lokacin. Yaron da da kansa yake zuwa banɗaki da dare ya koma sai an raka shi, yana firgita cikin barci yana ihu wai wata mata mai dogon gashi tana ƙarƙashin gado, har fitsarin kwance da ya daina tuntuni ya dawo. Muna ta tofi muna ta hayaƙi, Hajiya mahaifiyar Abbansu tace iska ce, ashe iskar tana cikin wayar ɗanta. Duk wannan mai sauƙi ne. Wata Asabar ina tsakar gida ina suyar awara naji wani irin tim a bayan tankin ruwa, sai shiru, shirun ne ma ya fi tsorata ni. Na tarar da shi kwance ya ɗaura gyalena a wuya, ashe katangar banɗaki ya hau ya diro. Hannunsa na hagu ya lanƙwashe ta inda hannu ba ya lanƙwasa, bakinsa a buɗe amma kukan ya ƙi fita. Ban san sanda na fita titi ba takalmi ba, man suya na kan wuta, maƙwabciyata ce ta sauke. A cikin Keke yana jikina yana rawar sanyi yace min "Mama shi na fim ɗin Baffa in ya sa mayafi ba ya faɗowa". Wallahi har yau in na tuna maganar nan sai naji ƙirjina ya yi nauyi.

Aka yi hoto a asibiti aka ce karaya ce, nan ma sai da aka yi rigima, Hajiya tace a kai shi wajen mai ɗori ni nace a bar shi a sa masa filasta. Shi kuma gogan naku da ya zo dubiya kin san me yace? Dariya ya yi yace ai namiji ne, haka ake girma. Ko sannu ta kirki babu balle a ba ni haƙuri. Hajiya kuwa a gaban mutane 'yan dubiya tace ita ba ta taɓa ganin uwa tana gida yaro ya hau katanga ba. Abbansu yana tsaye ya sunkuyar da kai bai ce uffan ba. Ni na kwana a kan benci, ni na sayar da 'yan kunnena aka cika kuɗin magani, ni na riƙa yi masa wanka da leda a hannu har aka cire filastar, yaro ya rasa jarabawar zangon nan gaba ɗaya, amma ni ce mai laifi. Shi Baffan yana nan ya yi aure yanzu har da 'yarsa, ranar suna naji yana cewa matarsa kar a ba yarinya waya tana ɓata ido. Nace a raina oho, ashe ka sani. Na yafe don Allah amma ban manta ba, kuma duk ranar da ya zo gidana wayarsa a aljihunsa take zama.

Na yi nisa, ki yi haƙuri. Abin da nake so ki gane shi ne sunan fim ba shi ne farko ba, wa ya tura shi, kuma wa ke zaune da su suna kallo. Ki fara da mutanen gidanki, ƙanne, 'yar aiki, almajirin da ke muku aike, har shi maigidan, don wasu iyayen mazan su ne ke kunna fim ɗin harbe-harbe yaro na kan cinyarsu.

Hukumar tace finafinai ta ƙasa da aka kafa a 1993 tana sa alama a jikin fim, G na kowa da kowa, PG sai da babba a kusa, sannan 12, 15, 18 gwargwadon shekaru. Kano ma suna da tasu hukumar tun 2001. To amma abin da aka tura miki a memori ba kwali ba alama, suna ma wani lokacin lamba ce kawai, don haka ke ce hukumar. Ni duk abin da zai shiga tibin falo sai na kalla tukuna, ko ina tsinke zogale ne ina jan shi gaba-gaba ina dubawa. Kuma kar kalmar katun ta ruɗe ki, akwai katun ɗin da don manya aka yi shi, akwai kuma wanda wasu marasa tsoron Allah ke ɗaukar 'yan katun ɗin da yara suka sani su haɗa musu da iskanci su sa a intanet.

Mai shekara 5 ɗin ki nema masa Akili and Me, 'yan Tanzaniya ne ke yi, kamfanin Ubongo, kuma akwai na Hausa. Ƙirga, haruffa, launuka, a hankali suke tafiya suna tambaya su dakata yaro ya amsa. Autata da shi ta iya ƙirga kafin ta shiga nazare, tana bin kwanukan kicin tana lissafawa. Su ne kuma ke yin Ubongo Kids na waɗanda suka ɗan tasa, lissafi da kimiyya, wannan zai yi wa babban. Akwai Bino and Fino na Adamu Waziri, a Abuja ake yin sa, yara ne baƙaƙe irin namu da kakanninsu da abincinmu, ba kullum dusar ƙanƙara da kare a kan gado ba. Na addini kuma Omar & Hana na 'yan Maleshiya, addu'ar cin abinci, ta barci, girmama iyaye, in ba kya son kiɗa akwai wanda suka yi da murya zalla. Da can NTA sun yi Sesame Square tun 2011, mai su Kami da Zobi, in kin ci karo da shi ki ɗauka.

Na kyanwa da ɓeran nan da kowa ke kunnawa ni ban ga abin da ake koya ba, ba magana ba komai, wannan ya kwaɗa wa wannan kasko a ka ya miƙe garau. Ban ce haramun ba ne, suna dariya, amma ki lura in sun gama kallo minti nawa ake yi kafin wani ya rusa kuka.

Wanda ya fi yi min amfani a gidan nan fim ne ba katun ba, The Boy Who Harnessed the Wind, na 2019. An ɗauko shi ne daga labarin gaske na William Kamkwamba, yaro ɗan Malawi da aka kora daga makaranta saboda kuɗin makaranta, ana fari ana yunwa, ya riƙa karanta littafin kimiyya a laburare har ya haɗa injin iska da tarkacen bola da keken babansa ya jawo wa gona ruwa. Akwai mutuwa da yunwa a ciki, don haka ki zauna da mai 8 ɗin ki riƙa fassara masa, ƙaramin ki bari ya yi barci. Babban ɗana bayan ya gani ya kwance tsohuwar rediyon kaset ya ciro ɗan injin ciki, ya yanka murfin robar fenti ya yi fukafukai, ya haɗa da batirin tocila da salatif, sai ga 'yar fanka tana juyi a kan tabarma. Ranar har maƙwabta ya kira. Tocilolina dai sun sha wahala daga nan, ko ɗaya ba ta tsira ba, amma gara wannan da hawa katanga.

Na namun daji ma suna da kyau sosai, giwa, zuma, tururuwa, gizo-gizo. Ni nakan ce musu wa zai faɗa min surar da aka sa wa sunan wannan, su yi ta rige-rigen cewa Fil, Nahl, Naml, Ankabut. Sai dai ki riƙe rimot don wani wurin zaki na yaga barewa, wani wurin kuma barbara ake, tambayar da za ta biyo baya sai kin shirya.

Namu na Hausa masu dogon zango kuwa, ina kallo ba zan yi ƙarya ba, amma ba na yara ba ne. Kishi, saki, boka, sirrin ɗaki. Don da Hausa ake yi sai mu ga kamar ba komai, alhali shi ya fi shiga kansu tunda kowace kalma suna ji. 'Yata tana shekara shida ta tambaye ni a gaban baƙi wai Mama in Abba ya yi amarya ke ma wajen malam za ki? Na rasa inda zan sa fuskata. Indiya mai fassara ma haka, wasu masu fassarar suna cusa zagi da habaicin da babu shi a asalin fim ɗin don a yi dariya, gobe ki ji shi a bakin ɗanki yana faɗa wa malamarsa.

Zancen lokaci, Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da shawara a 2019 cewa ɗan ƙasa da shekara 2 kar a zaunar da shi gaban allon waya ko tibi, daga 2 zuwa 4 kuma kar ya wuce awa ɗaya a rana. Naki sun wuce nan amma ni awa ɗayan nake riƙewa ranar makaranta, bayan an dawo Islamiyya an yi aikin gida, Asabar da Lahadi in ƙara musu. Ba kallo ana cin abinci, ba kallo bayan isha'i. Za su yi kuka, za su ce ke muguwa ce, kwana kaɗan ne su saba. Mu da muka tashi a garin nan sai yamma ake buɗe tasha, a jira Samanja, ranar Lahadi a jira Tales by Moonlight, in an ɗauke wuta a koma wajen kaka a yi ga ta nan ga ta nanku, me ya same mu? Yaran yanzu wasu ko Gizo da Ƙoƙi ba su sani ba, abin ya dame ni wallahi, shi ya sa in wuta ta tafi ba na kunna janareto don su, tatsuniya nake musu ko da rabinta ƙirƙira ce.

Kar ki miƙa musu YouTube ɗinki na manya, su kansu masu shi sun ce sai ɗan shekara 13, TikTok ma haka. Akwai YouTube Kids, ki sa shi, ki saita shekarun yaro, ki kashe wurin bincike, akwai ma agogon da ke rufe shi in lokaci ya cika. Duk da haka ban yarda da shi ɗari bisa ɗari ba. Abin da nake yi, da dare in data ta yi araha in sauke waɗanda na tantance in zuba a filas, a jona a tibin falo inda ina kicin ina jin sautin. Waya a hannun yaro a cikin ɗaki shi kaɗai da abin kunne, a'a. Kuma in sun gama ki tambaye su me ya faru, wa ya kyauta wa bai kyauta ba, nan za ki ji abin da ya zauna musu a kai, wani lokacin abin da ba ki zata ba ne sam.

Gidan maƙwabta shi ne ya rage, don can ba ki da iko. Ni dai na cire kunya na je na sami matar da suka fi shiga wajenta na nuna mata tabon hannun yaron nan, nace dan Allah in ana kallon na manya ki koro min su, ba zan ji haushi ba. Ta ɗan sha ƙamshi na kwana biyu amma yanzu ita ke aiko 'yarta karɓar filas ɗina. In kina cikin gari ki min magana ta inbox, ina Kinkinau yanzu, ki aiko da memori ko filas mai ɗan girma in zuba miki waɗanda nake da su, sai dai ki goge shi tukuna don kwamfutar ta Abbansu ce ta aiki.